AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: RABON GARI DA 'YAN DABA

Ku 'yan aji shida da za ku bar mu a ƙarshen wannan shekara: Bisa ga al'ada, a wannan shafi mukan yi muku gargaɗi ne a kan ladabi da ƙwazon karatu. Bana mun ga ya kamata mu taɓo wata magana mai nauyi, gama tana jiranku a bakin ƙofar makaranta, watau maganar 'yan daba.

Duk wanda ya zauna a Sakkwato tun daga 1999, sa'ad da aka koma mulkin farar hula, ya san samarin nan da ake kira Eriya Boyis. Lokacin zaɓe akan gan su cike da a-kori-kura a bayan motocin manya, riƙe da gora da adda, idanu jawur. A Kano ana ce da irinsu 'yan daba, a Katsina Ƙauraye, a Gombe Kalare, a Bauchi kuma Sara-suka. Mu malamai abin yana ci mana rai ƙwarai, domin wani lokaci idan muka ɗaga ido mukan ga fuskar da muka sani, ta yaron da muka taɓa duba wa takardar jarrabawa. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, wanda yaron nan zai je ya sara talaka ne ɗan'uwansa daga wata unguwa ko wata jam'iyya. Wanda ya ba shi kuɗin aikin kuwa yana gida a kwance, 'ya'yansa suna makaranta. Irin wannan ne Hausawa suke cewa an bar jaki ana dukan taiki. Halin ya daɗe, kuma idan muna so mu gane shi sai mun waiwayi yadda aka yanka garuruwanmu a zamanin Turawa.

Yadda aka yanka gari

Kada wani ya ɗauka kafin zuwan Turawa duniya lami lafiya take. An yi yaƙe-yaƙe, an yi cinikin bayi, an kuma yi gaba tsakanin unguwanni. Amma akwai abu guda da biranen Hausa suka iya, shi ne saukar da baƙo. A cikin ganuwar Kano akwai Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. A nan Sakkwato ma, wadda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, muna da unguwar Nufawa. Gaskiya ne galibin waɗannan baƙi Musulmi ne, wannan kuwa ya sauƙaƙa zaman. Duk da haka hanyar a buɗe take: baƙo ya sauka wurin mai masauki, ya yi ciniki, ya yi aure, jikokinsa su tashi 'yan gari.

Kano ta faɗa hannun sojojin Gwamna Lugga a watan Fabrairu na 1903. Sakkwato ta bi baya ran 15 ga Maris na wannan shekara, bayan karon da aka yi a Giginya da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. A 1911 layin dogo ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da masu sana'a daga Legas, da ƙasar Ibo, har da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Turawa suna bukatar aikinsu, amma ba su so su cuɗanya da mutanen birni, gama suna tsoron masu ilimin boko za su koya wa talakawa gardama da hukuma. Saboda haka wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa.

Nan da nan Kano ta zama kashi-kashi. Birni yana hannun Sarki da alƙalai da dogarai. Sabon Gari ya yi shekaru da dama a hannun Joji Bature, da dokarsa dabam, har an yarda a sayar da giya a can alhali an hana a birni. Kwara, watau mutanen Lebanon da Sham, aka ba su nasu wuri kusa da Fagge, inda Kantin Kwari yake. Tsofaffin sojoji da lebura 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba aka nuna musu Tudun Wada. Turawa kuma suka ɗauki Nasarawa da Bompai. A 1917 aka yi dokar tsarin garuruwa. A tsarin wancan zamani sai an bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, babu gini, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Dalilin da aka bayar shi ne wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'ya'yanmu ya kai wa Bature. Amma kuku da boyi da mai gadi suna kwana a ɗakunan da ke ƙarshen filin gidan, sai ka ce su sauro ba ya cizonsu. Asibitin Turawa dabam, kulob ɗinsu dabam. Sai a 1947, bayan da otal ɗin Bristol a Legas ya hana wani babban ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na Ingila mai suna Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, mutane suka tayar da ƙura, sa'an nan Gwamna Richards ya ce a daina irin wannan bambanci. Unguwannin Turawa aka sake musu suna, su ne GRA da muka sani.

Jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, shi ya sa baƙi suka fi taruwa a Gusau. Amma tsarin duk ɗaya ne. Razdan da mutanensa suka zauna a Bariki, nesa da ganuwa, mutanen gari suna ciki, baƙin ma'aikata kuma suna tsakani. Masu aikin mishan ma ba a sakar musu mara a cikin birane ba. Likita Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a ƙarshe sai da aikinsa ya koma Wusasa a 1929. Duk wanda ya tambaya me ya sa majami'unmu da gidajen iyayenmu da yawa suke a wajen tsohon gari, wani sashi na amsar yana nan.

Wanda ido ya gani

Ga inda mugun abin yake. Talakan birni ba ya ganin Bature sai jefi-jefi. Wanda yake gani kullum shi ne akawu ɗan Kudu a tagar sayar da tikiti, ko a gidan waya, ko a kan sikelin gyaɗa, yana yi masa tsawa da Turanci. Bai san cewa hukuma ce ta ƙi buɗe makarantun boko da yawa a Arewa ba, har aikin ofis ya zama sai an ɗauko mutum daga nesa. Shi kuma ɗan Sabon Gari, wanda yake gani shi ne ɗan doka da bulala, da ƙofar birni da ba a maraba da shi. Bai san cewa da gangan aka ajiye shi a waje ba. Kowanne ya ɗauka ɗayan ne mai danne shi. Daga nan sunayen reni suka yaɗu, waɗanda ba sai mun jera su a wannan shafi ba, gama har yau muna jin su a bakin yara a filin ƙwallo.

Abin ya fashe a 1953. A ƙarshen watan Maris, a majalisar Legas, Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da wakilan Arewa suka ce a jira sai lokacin da ya dace. Da suka fito aka yi musu ihu da zagi, abin ya yi musu zafi. A watan Mayu jam'iyyar AG ta shirya taro a Kano ƙarƙashin S. L. Akintola. Ran 16 ga wata rikici ya tashi, aka kwana huɗu ana yi, mutum fiye da 30 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, gardamar a kan ranar tafiyar Turawa ce, amma a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka zubar da jinin, unguwar Turawa kuwa tana can gefe. Na biyu, AG ta fi ƙarfi ne a ƙasar Yarabawa, amma 'yan kasuwa Ibo ne suka fi shiga cikin faɗan da asararsa. Sa'ad da wuta ta kama, ba wanda ya tsaya tambayar katin jam'iyya.

A cikin waɗannan shekaru ne 'yan siyasa suka gane amfanin samari masu ƙarfi. NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, da NPC ta Sardauna, kowacce ta sami masu tsaron taronta, su ne 'yan banga. A Kano har an yi wata ƙungiya mai suna Jam'iyyar Mahaukata, aikinta tarwatsa taron NEPU. Daga ina aka samo waɗannan samari? Da ma can akwai 'yan farauta da 'yan tauri, kowace unguwa da dabarta, watau wurin zamansu, da karnukansu da makaɗansu. Sukan fita daji da rani, wani lokaci su yi faɗa a kan nama, su dawo. Turawa ba su ne suka ƙirƙiro daba ba. Amma garin da aka raba, aka cika shi da reni da samari marasa aikin yi, shi ya ba ta kasuwa, 'yan siyasa kuma suka zama masu saye. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, abin ya ƙaru. Ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano, gungun mutane suka ƙona gine-ginen gwamnati, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara, a gidansa.

Wani gari a ƙasar Sin

Domin kada ku zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai, bari mu kai ku nesa. Da yawa cikinmu mun taso muna kallon finafinan Caina a gidajen kallo. A wani fim na Bruce Lee mai suna Fist of Fury, na 1972, akwai wurin da aka hana shi shiga wani lambu, ya yi tsalle ya farfasa allon da ya haɗa Sinawa da karnuka. A birnin Shanghai aka ɗora labarin. Masana tarihi sun bincika, sun ce ba a sami allo mai wannan kalmomi daidai ba. Abin da aka samu shi ne jerin dokokin lambun, inda wata ta ce na baƙi ne kaɗai, wata kuma ta hana shiga da kare. Amma hanin gaskiya ne. An buɗe lambun a 1868, Sinawa ba su sami shiga yadda kowa ke shiga ba sai 1928, a cikin ƙasarsu.

Ga yadda aka yi. Ingila ta yaƙi ƙasar Sin daga 1839 zuwa 1842 domin ta ci gaba da sayar mata da ofiyom, wani abin maye mai lalata mutum. Da ta ci yaƙin, aka buɗe Shanghai ga baƙi a 1843. Faransa ta yanki nata yanki a 1849. Ingila da Amurka suka haɗe nasu a 1863. Sauran garin yana hannun hukumar Sin. Gari ɗaya, hukuma uku, 'yan sanda iri uku, kotu iri-iri. Wajen 1930 mutanen birnin sun kai kimanin miliyan 3, baƙi ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sinawa su ne suka fi yawa a yankin Ingila da Amurka, suna biyan haraji, amma ba su da kujera a majalisar gari sai 1928. Ingilishi suka ɗauko 'yan sanda daga Indiya, Faransawa suka ɗauko daga Biyetnam. Ran 30 ga Mayu 1925, da ɗalibai suka yi zanga-zanga a titin Nanjing, hafsa Bature ne ya ba da umurni, amma Indiyawa da Sinawa ne suka ɗana kunamar bindiga a kan jama'a.

A irin wannan gari, ɓarawo ya yi sata a wannan yanki, ya tsallaka titi, ya kuɓuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar dabar Shanghai ita ce Koriyar Ƙungiya. Asalinta matuƙan jiragen ruwa ne masu dakon hatsi a babbar hanyar ruwa ta ƙasar, waɗanda aikinsu ya mutu sa'ad da aka koma dako ta teku. Kun ga kamarsu da 'yan farautarmu, sana'a ce ta halal ta rikiɗe. Talakawa da ke kwararowa daga ƙauye sai su tarar aikin dako a bakin ruwa, da jan keken ɗaukar mutane, duk suna hannun iyayen daba, kowa sai ya bi na yankinsu. Mutanen arewacin lardin Jiangsu su ne aka fi renawa, 'yan'uwansu Sinawa ma ba su son auren 'ya'yansu. Wanda aka rena daga sama shi ma ya nemi na ƙasa da shi ya rena.

A kan cinikin ofiyom, ƙungiyoyi biyu suka yi ta kashe juna. Ɗaya ana ce mata Manyan Takwas, tana yankin Ingila. Ɗayar kuma Ƙananan Takwas, tana yankin Faransa, ƙarƙashin Du Yuesheng, maraya wanda ya fara da tallar 'ya'yan itace. Ubangidansa, Huang Jinrong, shi ne babban ɗan sandan ciki na Sinawa a yankin Faransa, kuma shi ne uban daba. Hukumar Faransawa ta sani sarai. Muddin titunan da Turawa ke zaune suna lafiya, kuma kasonsu yana zuwa, ba ruwansu da wanda aka kashe a lungu. Ran 12 ga Afrilu 1927, Janar Chiang Kai-shek ya so ya murƙushe ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan gurguzu, sai ya yi hayar wannan daba. Daren da ya gabata, Du ya gayyaci shugaban ma'aikatan, Wang Shouhua, cin abinci a gidansa, aka kashe shi. Da asuba 'yan daba suka ɗaura ƙyalle mai alamar ma'aikata a hannu, suka far wa ma'aikata na gaske. Ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan kwanaki. Lebura ya kashe lebura, Du kuwa ya zama mai banki, daga baya har aka sa shi cikin kwamitin hana shan ofiyom.

Ku ji ƙarshensu. Abokin cinikinsu na uku, Zhang Xiaolin, mai tsaron lafiyarsa ne ya harbe shi a 1940. Du ya gudu Hongkong, ya mutu a can a 1951. Huang ya zauna, a wannan shekara aka ɗauki hotonsa, tsoho mai fiye da shekara 80, yana sharar titi a gaban gidan wasan da ya taɓa mallaka. Waɗannan su ne manya, shi ya sa muka san sunayensu. Dubban yaran da suka mutu domin su a lunguna, ba wanda ya rubuta nasu.

Abin da ya rage gare mu

Turawa sun bar yankunansu na Shanghai a 1943, sun bar Nijeriya a 1960. Mu da ke raye yanzu ba mu da hujjar ɗora musu laifin abin da muke yi da hannunmu. Sun tafi, amma iyakokin da suka ja suna nan a zukatan mutane. A ajin Tarihi mukan sa ɗalibai su zana taswirar Sakkwato, kowa ya sa alama a unguwar da ya taɓa shiga gidan wani ya ci tuwo. Da yawa alamarsu ba ta wuce unguwa biyu ko uku ba. Akwai wanda aka haifa a Mabera, bai taɓa taka Ƙofar Rini ba. Akwai wanda ya san Kanwuri a littafi kaɗai. Mun tabbata da za a ba yaran cikin gari wannan aiki, su ma haka taswirarsu za ta fito. Mutumin da ba ka taɓa zama da shi ba, duk ƙaryar da aka faɗa maka a kansa za ka yarda, kuma da irin wannan ƙarya ake ɗaukar yara aikin sara.

Saboda haka ga gargaɗinmu gare ku masu fita.

Na farko, za ku iya zaman shekara ɗaya ko biyu kuna jiran sakamako ko gurbin karatu. Wannan zaman shi ne lokacin hatsari. Ku kama wani abu, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko aikin kanikanci, ko noman rani a fadama. Babu sana'ar da ta fi zaman majalisa ƙasƙanci.

Na biyu, duk wanda ya ba ku ƙwaya ko kwalba kyauta, akwai aikin da yake so ku yi masa wanda ba za ku yi da hankalinku ba. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma masu sayar da maye ba su rasa abin maye gurbinsa ba. Ofiyom ne ya ciyar da dabar Shanghai, ƙwaya ce take ciyar da tamu.

Na uku, in wani ya kira ku ku hau mota ku je ku kare masa taro, ku tambaye shi ko ɗansa yana cikin motar. Mun ga yadda ake ƙarewa: an ci zaɓe, an ci moriyar ganga an ya da ƙwaurenta, yaro yana gidan yari ko yana ɗingishi, uwarsa tana yawon neman beli.

Na huɗu, ku tsare bakinku daga sunayen reni, ko da wasa. Ku yi abokai a unguwannin da ba naku ba. In maƙwabci ya yi suna ko rasuwa, ku je ku gaishe shi, ko da addininku ba ɗaya ba.

Ku kuma iyaye da dattawan ikkilisiya, muna roƙonku ku san inda yaranku suke kwana, da wanda ya saya musu wayar da ke hannunsu. Yaron maƙwabci da kuka ga ya fara lalacewa, kada ku ce ba naku ba ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Muna yi wa 'yan aji shida fatan alheri a jarrabawarsu da zamansu na gaba. Allah ya kiyaye ku, ya ba garinmu Sakkwato da ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya. Amin.